Kaka na riƙe bashi a ka, jika na tura saƙon murya: shin ƙwaƙwalwa ce ke raguwa?

Tambaya: "Malam, mahaifina, Allah ya ji ƙansa, dillalin shanu ne. Bai yi boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba, amma duk wanda yake bi bashi da duk mai bin sa suna cikin kansa, har da ranar kasuwar da aka yi cinikin. Ni na gama sakandare, amma ba na iya riƙe lissafin shago sai da littafi. Ɗana kuwa yana aji biyu na babbar sakandare, ko saƙon layi uku ba ya son rubutawa, sai dai ya danna waya ya yi magana, lissafi kuma sai kalkuleta. Shin ƙwaƙwalwarmu ce ke raguwa daga kaka zuwa jika? Kuma gaskiya ne wanda ya iya karatu da rubutu ya fi wanda bai iya ba tunani? In haka ne, me ya sa mahaifina ya fi mu kaifin kai?"

Allah ya ji ƙan Baba, ya kai rahama kabarinsa. Malam, tambayarka ta haɗa maganganu biyu da mutane ke yi kullum ba tare da sun lura suna karo da juna ba. Ana cewa rubutu na buɗe kai, wanda bai iya ba yana cikin duhu. Kuma da wannan bakin ake cewa mutanen da, waɗanda akasarinsu ba su rubuta komai, sun fi mu riƙe abu da zurfin tunani. In duka biyun gaskiya ne kai tsaye, to kai ya kamata ka fi mahaifinka, kuma kai da kanka ka ce ba haka ba ne.

Aikina koyar da karatu ne, na daɗe ina yi da manya a azuzuwan yaƙi da jahilci, daga baya na koma horar da malaman da za su koyar da yara. Abin da na tsaya a kai shi ne: rubutu ba ya ƙara wa mutum hankali a dunƙule, waya ma ba ta rage shi a dunƙule. Kowane kayan aiki yana da wani aiki na musamman da yake tilasta wa kai ya riƙa yi, yana kuma da wani aikin da yake ɗauke wa kai. Wanda ake yi kullum ya yi ƙarfi, wanda aka ɗauke ya yi sanyi. Kamar mai faskare ne da tela, kowa akwai inda hannunsa ya yi kanta, ba ka cewa wani ya fi wani hannu sai ka faɗi aikin da kake nufi.

Wannan kuka ya girme mu

Tun kimanin shekara 370 kafin haihuwar Annabi Isa, Aflatun na Girka ya rubuta wata hira inda malaminsa Sukurat ya ba da labarin wanda ya ƙirƙiro rubutu ya kai wa sarkin Masar yana alfahari cewa ya samo maganin mantuwa. Sarki ya ce masa a'a, mantuwar ka kawo, don mutane za su dogara da alamar da ke waje su daina motsa abin da ke cikinsu. Malamanmu na zaure ma suna da irin wannan magana, cewa ilimi a ƙirji yake, ba a layin takarda ba. Amma waɗannan malaman su ne ke karantar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta ce in an ƙulla bashi zuwa wani ajali a rubuta shi, a kuma kafa shaidu. Wato an san darajar hadda, an kuma san inda hadda ke iya cin amana. Rubutu mafi tsufa da aka tono a birnin Uruk na Iraƙin yau, na kimanin shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, mafi yawansa lissafin hatsi ne da dabbobi da rabon abinci. Da matsalar dillali rubutu ya fara, waƙa da tarihi daga baya suka shigo.

Abin da aka gwada aka gani

A 1931 da 1932 wani masanin halayyar ɗan Adam na Tarayyar Sobiyet, Alexander Luria, ya je ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoman da ba su taɓa shiga aji ba tambayoyi. Ɗaya daga ciki ita ce: auduga na yi ne a inda ke da zafi da bushewa, Ingila kuwa sanyi ne da danshi, shin auduga za ta yi a can? Da yawansu suka ce ba su taɓa zuwa Ingila ba, don haka ba za su yi magana a kan abin da ba su gani ba. Ya nuna musu hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce su ware wanda ba ya cikin sauran. Ɗan makaranta zai ware gungume, don sauran ukun kayan aiki ne. Manoman suka ce ba a raba su, in ka cire itacen me zarton zai yanka? Waɗanda suka ɗan yi ajin karatu kuwa, ko na ɗan lokaci ne, sai suka riƙa ba da amsar ɗan makaranta.

An daɗe ana kafa hujja da wannan cewa rubutu ne ke haifar da tunani mai zurfi. Ni ban karanta shi haka ba. Dattijon da ya ce ba zai yi shaidar abin da bai gani ba, ai a gaban alƙali shi ne mutumin kirki. Abin da bai saba da shi ba shi ne wasan aji, inda ake ba ka magana a ce ka ɗauka gaskiya ce na minti biyu, ka fitar da sakamako daga cikinta kaɗai, ka ajiye abin da ka sani a gefe. Wannan wasa yana da amfani ƙwarai, da shi ake lissafi da shari'a da kimiyya, amma koyon sa ake yi. Kuma a binciken Luria ba a iya rabewa ko rubutun ne ya kawo canjin, ko zaman ajin, ko sabon tsarin gonakin gwamnati da aka jefa mutanen ciki a lokacin.

Inda aka samu damar rabewa shi ne Laberiya. Ƙabilar Vai suna da rubutunsu na kansu, wanda Momolu Duwalu Bukele ya fito da shi a shekarun 1830, mai alamomi kusan 200, kowace alama gaɓa ɗaya. Ba a makaranta ake koyon sa ba, aboki ko ɗan'uwa ke koya wa mutum, a riƙa rubuta wasiƙa da lissafin ciniki da shi. A cikinsu kuma akwai masu karatun Alƙur'ani, akwai waɗanda suka yi boko da Turanci, akwai waɗanda ba su iya ko ɗaya ba. Sylvia Scribner da Michael Cole suka gwada mutum sama da dubu a shekarun 1970, suka fitar da sakamakon a 1981. Irin tambayoyin Luria, 'yan boko ne suka fi, musamman wajen bayanin dalilin da ya sa suka ba da amsa. Wanda ya iya rubutun Vai amma bai shiga aji ba, bai yi wa wanda bai iya komai ba wata tazara a nan ba. Inda ya yi fice shi ne wajen haɗa gaɓoɓin da aka faɗa masa a rarrabe su zama magana, da wajen yi wa wanda ba ya wurin bayani filla-filla, abin da mai rubuta wasiƙa ke yi kullum. Masu karatun Alƙur'ani kuwa sun fi masu rubutun Vai da waɗanda ba su iya komai ba a gwajin da ake ba mutum kalma ɗaya, a ƙara masa ta biyu, a ƙara ta uku, yana maimaitawa daga farko a jere.

Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san daga ina wannan ya fito. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, malam ya biya masa, ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan a wanke allo a yi ƙari. Abin da aka wanke ba ya nan kuma sai a kansa, kuma gobe za a nemi ya haɗa shi da na yau. Ka dubi gardi yana satu, yana rubuta allo da ka ba tare da duba Mushafi ba, ya kai gaban alaramma a bi shi wasali bayan wasali. Ka dubi masu harji, waɗanda za su gaya maka sau nawa wata kalma ta zo da inda ta zo da wadda ta yi kama da ita. Wannan horo ne na shekaru a kan jere da daidaito, kuma yana ba da abin da aka horar. Amma na koyar da alarammomi karatun boko, kuma haddarsu ba ta sa sun fi kowa saurin gane jadawali ko taswira ba. Sai da suka koya kamar kowa.

A nan zan ɗan ratse. Kalmar jahili da aka liƙa wa duk wanda bai iya boko ba, tun gangamin yaƙi da jahilci na Jihar Arewa a shekarun 1950, ta yi mana ɓarna. Mutumin da ke rubuta wasiƙa da ajami, yana karanta "naira dubu" a jikin takardar kuɗi, an sha ƙirga shi cikin marasa karatu. A 2007 aka cire ajamin daga naira 5 zuwa 50, a 2014 aka cire daga sabuwar naira 100. Duk lokacin da na karɓi sabon aji, tambayata ta farko ita ce wa ya yi allo, don wanda ya yi ya riga ya san cewa alama na ɗaukar sauti, rabin aikina ya ƙare.

Abin da harafi ke canzawa da gaske

Kada ka ɗauka ina cewa rubutu ba ya taɓa kai. Yana taɓawa, a wurare sanannu.

Na farko shi ne yadda mutum ke jin maganarsa. A 1979 José Morais da abokan aikinsa suka gwada manya a karkarar Fotugal. Aka ce su cire sautin farko na wata kalma su faɗi abin da ya rage. Waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba suka kasa, waɗanda suka koya da girmansu suka iya. A 1986 aka yi irinsa a ƙasar Sin, sai aka ga masu karatu sosai da alamomin Sinanci, amma ba su koyi rubutun haruffa ba, su ma abin ya ba su wuya. Ashe ba karatu a dunƙule ba ne, irin rubutun ne. Ina ganin wannan a aji duk shekara. Ka ce wa dattijuwa ta raba "kaza", nan take za ta ce ka, za. Ai da gaɓa 'yan mata ke zaurance, suna juya ta gaba da baya ba tare da sun taɓa riƙe biro ba. Amma ka ce ta raba "ka" gida biyu, sai ta dube ka kamar ka ce ta raba ruwa da jiƙa. A kunne "ka" abu ɗaya ne. Harafi ne ke koya wa mutum cewa akwai baƙi daban, wasali daban, shi ya sa ba, be, bi, bo, bu ke ɗaukar makonni.

Na biyu shi ne ido. Kofi ko hannunsa na dama ko na hagu kofi ne, haka idon ɗan Adam ya saba tun yana jariri. Sai ga boko ya zo da b da d, ya ce juyin nan shi ne bambanci, mu kuma Hausawa muka ƙara da ɓ da ɗ masu lanƙwasa. Yaron aji ɗaya da ke juya su ba daƙiƙi ba ne, idonsa ne ke bin tsohuwar ƙa'ida. A 2010 Stanislas Dehaene da abokansa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya 63 a Barazil da Fotugal, wasu ba su iya karatu ba, wasu sun koya da girma, wasu tun suna yara. Suka ga wani ɗan yanki a gefen hagu, can ƙasa ta baya, yana amsa wa haruffa gwargwadon iya karatun mutum, har ga waɗanda suka koya bayan sun girma. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin duk mai cewa ya tsufa da koyo.

Na uku shi ne ya fi muhimmanci a wajena, kuma ba a cikin kan mutum ɗaya yake ba. Rubutu na tsayar da magana wuri ɗaya, ta yadda za a dawo a tuhume ta. Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya kawo misalin Gwanja, ƙasar da kakanninmu fatake ke zuwa sayen goro. A farkon ƙarni na 20 da Turawa suka rubuta tarihin masarautar, an ce musu wanda ya kafa ta, Ndewura Jakpa, 'ya'yansa bakwai, daidai da yankuna bakwai na ƙasar. Bayan shekara kusan 60, yankuna biyu sun ɓace, da aka sake tambaya sai aka ce 'ya'yansa biyar. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Tarihin baka yana gyara kansa ya dace da yau, kuma ba wanda zai kama shi sai in akwai tsohuwar takarda a ajiye. Da zarar akwai ta, sai a fara tambayar da ba a iya yi a da: me ya sa na jiya ya saɓa da na yau? Jeri da jadawali ma haka suke. Ba ka iya faɗin jadawali da baki. Sai ka shimfiɗa suna a wannan layi, kuɗi a wancan, sannan idonka ya faɗa kan gurbin da ba a cike ba.

Komawa ga Baba

Kaifin kan mahaifinka gaskiya ne, ba ƙauna ce ta sa kake gani ba. Amma ka lura da yadda abin ke zaune a kansa. Ba lambobi tsirara yake riƙewa ba. Bashin yana manne da fuskar mutum, da launin sa ko saniyar, da ranar kasuwa, da wanda ya tsaya shaida, da gardamar da aka yi kafin a sallama, da la'adar da ya karɓa. Abu ɗaya yana da igiya biyar ko shida da ke riƙe da shi, kuma duk mako in kasuwa ta ci sai ya sake ganin mutanen, wato yana tishe ba tare da ya kira shi tishe ba. Ga kuma mutunci: dillalin da ya manta bashi ya gama sana'a. Kai kuwa ranar da ka sayi littafi ka sallami kanka daga wannan aiki, kuma daidai ka yi, don mai shago da kaya iri ɗari da abokan ciniki da bai san gidajensu ba, ba irin nauyin dillali yake ɗauka ba. Sannan akwai abin da littafinka zai yi wanda kan Baba bai iya ba. Na zauna a rabon gado inda mamaci ke bin mutane kuɗi masu yawa, kowa ya san haka, amma adadin ya bi shi kabari, magada suka dogara da tsoron Allahn waɗanda ake bi.

Lissafin ma haka ne. A 1985 aka buga wani bincike da aka yi a birnin Recife na Barazil kan yara masu talla. A bakin ciniki sun ba da amsa daidai kusan kashi 98 cikin ɗari. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda a siffar lissafin aji, sai suka faɗo kusan kashi 37. Ka tsaya gaban mai awo ka ce mudu bakwai a kan 1,850. Ba zai ce bakwai sau sifiri, bakwai sau biyar, a riƙe uku ba. Zai ce dubu biyu-biyu bakwai, dubu sha huɗu, a cire ɗari da hamsin bakwai, dubu da hamsin, kuɗinka dubu sha biyu da ɗari tara da hamsin. Yana tafe da girman kuɗin a ransa tun daga farko, shi ya sa ba zai taɓa ce maka dubu ɗari da ashirin ba. Ɗan aji kuwa in sifiri ɗaya ya zame masa zai rubuta 129,500 ya ja layi biyu a ƙasa hankalinsa kwance. Amma ka ba mai awo lissafin buhu dubu uku da kuɗin mota da haraji da kason mutum huɗu, a nan takarda za ta wuce shi.

Alama ba tare da harafi ba

Akwai mutane da yawa da ke tsakani, suna rayuwa da alamomi ba da haruffa ba. Tun zamanin NEPU da tauraro, NPC da fartanya, zuwa mabuɗin PRP da gida da masarar NPN, har lema da tsintsiya na yau, da hoto ake zaɓe a ƙasar nan. A ajina na ga matan da ba su iya karanta suna ba amma suna sarrafa waya tsaf. Sun san koren maɓalli da ja, sun ajiye lambar ɗa da hoton mota don direba ne, ta 'ya da fure, wata kuma lambobi uku na ƙarshe take ganewa. Wannan basira ce. Rauninta shi ne alama tana gaya maka "wannan ne", ba ta gaya maka sharaɗi. Kwalin magani mai launin da aka saba ba ya faɗin ƙarfinsa ko ranar lalacewarsa, kuma masu jabu launin suke kwaikwaya. Saƙon banki na bogi ma siffar na gaske yake ɗauka, wanda ke duba siffa kawai shi ake cuta.

Ɗanka da saƙon murya

WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013, kuma a 2022 kamfanin ya ce ana tura kimanin biliyan 7 a kullum. Ba abin mamaki ba ne ya karɓu a wurinmu. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, wayoyi da yawa sai an sha wuya kafin a samu ƙ da ɗ da ɓ, gaisuwarmu kuma doguwa ce, a rubuce takan fito a bushe. Tsohuwa a ƙauye yanzu tana aika wa ɗanta a Legas ko Makka saƙo ba tare da ta nemi mai rubuta mata wasiƙa ya ji sirrinta ba. Ba na cikin masu kukan wannan. Haɗa rubutu da murya ma ba baƙo ba ne a wurinmu: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, rubuta waƙoƙinta take yi, mata masu koyarwa da ake kira jaji su haddace su kai wa matan karkara da baki ta hanyar ƙungiyar 'yan taru. Amma ka lura, a can an zauna an tsara a rubuce tukuna, sannan murya ta ɗauka.

Wannan matakin ne ɗanka ke tsallakewa. Mai saƙon murya yana tunani ne yana magana, in ya yi kuskure sai ya ce "a'a, ina nufin", ya ci gaba. Ba ya ganin farkon maganarsa lokacin da ya kai ƙarshe, don haka ba ya kama kansa in ƙarshen ya ƙaryata farkon. Mai karɓa ma ba ya iya ɗora saƙo biyu gefe da gefe, sai dai ya ƙara gudun muryar ya wuce. Mai rubutu kuwa dole ya zaɓi abin da zai fara da shi, ya ga ya maimaita kansa, ya goge, ya tuna cewa mai karatu ba ya nan balle ya ce "ban gane ba". Shi ne abin da masu wasiƙar Vai suka yi fice a kai. Ɗalibaina da suka taso da waya ba su gaza na da wajen fahimta ko gardama da baki ba, wasu ma sun fi su sanin duniya. Inda nake ganin gibi shi ne in aka ce su rubuta shafi ɗaya mai kai da ƙafa, ko su karanta shafi goma a zaune ba tare da sun ɗaga kai ba. A kan karatun ma akwai hujja: wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 54 ya nuna fahimtar rubutun bayani ta ɗan fi kyau a takarda a kan fuskar na'ura, musamman in akwai ƙurewar lokaci. Tazarar ba babba ba ce, kuma a labarin hira kusan babu ita. Waɗannan binciken duka a wasu ƙasashe aka yi su, kuma matsakaicin jama'a suke nunawa, ba hukunci ne a kan yaro ɗaya ba.

Saboda haka ba na ba ka shawarar ƙwace waya. Ba za ta dawo masa da kan kakansa ba, don kasuwar shanu ce ta gina wancan kan, ba rashin waya ba. Ka ba shi aikin da ba ya yiwuwa sai da rubutu, kuma aikin gaske, ba na jarrabawa ba. Ka miƙa masa littafin shago ranar Asabar, ya fitar da jerin masu bashi, wa ya biya, wa ya yi jinkiri, wane kaya ne ya fi kwana a kanta, ya rubuto maka a shafi ɗaya. In zai nemi wani abu mai nauyi a wurinka, kuɗin wata sana'a ko canjin makaranta, ka ce ya kawo a rubuce da dalilansa, ku zauna ku bi layi-layi. Kalkuleta kuma kada ka hana, amma ka sa masa ƙa'ida: kafin ya danna ya faɗi kusan nawa amsar za ta kama. In ya ce wajen dubu sha uku, na'ura ta ce 12,950, ya yi. In na'ura ta ce 129,500 bai ji komai ba, to nan ne aikin yake, kuma zama kusa da mai awo zai fi masa ƙarin darasi amfani. Hadda ma a ci gaba da ita, ko ta Alƙur'ani ko ta waƙa, don ita ma in an bar ta tafiya take yi.

Abu ɗaya kuma da ba zan iya yankewa daga nan ba, tunda ban zauna da yaron ba. Wani yaron yana gudun rubutu ne don murya ta fi sauƙi, wani kuwa yana ɓoye cewa karatun ne bai zauna masa ba, kuma ana iya kai wa babbar sakandare a haka, na ga da yawa. Gwajin ba wuya. Ka ba shi sakin layi ɗaya na jarida, na Hausa da na Turanci, ya karanta maka a bayyane, ku biyu kawai, ba a gaban ƙannensa ba, sannan ya rufe ya gaya maka abin da aka ce. In ya wuce sumul, matsalar sabo ce, littafin shago zai yi maganinta. In yana tuntuɓe, yana tsallake layi, yana cankar kalma daga harafin farko, ko ya karanta daidai amma ya kasa faɗin abin da ya karanta, to a fara kai shi a duba idonsa, sannan a samu malamin da ya san koyar da karatu daga tushe ya riƙa zama da shi, ko da rabin awa ne a rana, kafin ya shiga ajin ƙarshe.